Rigar Kamfani

"Wai kai maye ne?" Gilbert ya daka wa Bamanga tsawa a bakin zauren taron masu haɗa manhaja a GRA.

Tun bara Bamanga ke bin sa taro-taro, yana roƙon ya sa masa baki a kamfaninsu. Ban da zagi bai samu komai ba.

"Oga, minti ɗaya."

Gilbert ya finciko shi gefe, ya nuna rigar kamfanin da ke jikinsa. "Wannan kake bi? Sun sallame ni tun watan jiya. Ni ma aiki na zo nema. Ka fita hanyata."

"Na sani, Oga," in ji Bamanga. "Da ka ƙi ni, ofishinku na dinga zarya har suka ba ni kujerarka. Kalmar sirrin manhajar na zo karɓa."