Kujerar da Ta Karkata Hagu

Doña Eufemia ta dire kujerar lilo a ƙofar shagona.

"Don Tiburcio, kujerarka ta karkata hagu. Ina zama sai ta nemi zubar da ni."

Duk garin Masatepe an san ba na sakin kujera sai na zauna a kanta, bayana ya ce ta yi. Tun ina saurayi da shi nake awo. Na zauna, na ji ta daram.

"Daɓen gidanki ne a karkace," na ce.

"Haka ka ce wa Fadan coci da ya dawo da tasa."

Maƙwabta suka fara taruwa, mutuncina na neman zubewa a titi. Na ƙwala wa Anacleto kira, kafintan tsallaken titi da ya tsufa kan gugar katako kamar ni, bai kuma taɓa yabon ko ƙusata ba.

"Zo ka yi mana alƙalanci, tsohon banza."

Ya zauna, ya lumshe ido, ya yi lilo. "Ba da son raina ba, amma kujerar nan a miƙe take sak."

Na tashe shi, muka jeru kafaɗa da kafaɗa ina hura hanci. Sai Doña Eufemia ta juyo mana da murfin kabad mai madubi da nake haɗawa.

Tsofaffi biyu ne a ciki, duk sun karkata hagu, daidai da kujerar.

Anacleto ya daɗe yana kallo, sannan ya girgiza kai.

"Tiburcio, madubin nan ma a karkace ka saka shi."