Garmar da Aka Hana wa Mai

Kai da kake ganin in ka goge abu ya yi ƙyalli ka gama gyara, zauna ka ji labarin wani manomi da har yau in na tuna shi raina ke ɓaci. Mutumin nan ba malalaci ba ne, abin haushin ke nan. Da an gama girbi sai ya jingina garmarsa a bayan randa, kan danshi, kusa da ragowar takin zamani, ya manta da ita har bazara. In hadari ya fara haɗuwa ya ɗauko ta ja wur da tsatsa, ya jiƙa ta a ruwan tsamiya, ya wuni yana dirza da yashi har sai ya ga fuskarsa a jiki. Maƙerin garin ya yi masa faɗa ba sau ɗaya ba: in ka wanke ka shanya, ka shafa mata man gyaɗa cokali guda, ka rataye ta a bango. Shi kuwa sai dariya, wai mai na miya ne, ƙarfe ba ya cin tuwo. Tsatsa na ci daga nan, yashi na ci daga can, kowace shekara garma na ƙara rama, shi kuma yana yabon kaifinta.

A shekara ta huɗu aka yi ruwan shuka mai kyau, gari ya watse gona. Kunya uku ya yi, a ta huɗu garma ta haɗu da saiwar kalgo, ta karye a wuya, ya tsaya da ƙota a hannu. Aro? Wa zai ba ka garmarsa ranar da ƙasa ta jiƙa? Ya ruga maƙera ya tarar da layi. Maƙeri ya juya ƙarfen ya ce, “Me zan liƙa a nan? Wannan ai ta zama ganyen albasa.” Kafin a ƙera masa sabuwa kwana tara sun wuce, laima ta tafi. Ya yi shuka a makare, ruwa ya ɗauke gero bai yi ido ba. Rumbun da cokalin mai zai cika, a wofi ya shiga rani. To ka ji: wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.