Kuskuren Ramla

Ustaza Hindu ta ja layi da jan biro a ƙarƙashin jimlar, karo na uku a mako guda.

Makarantar 'yan mata ta ƙauyen, kusa da garin Suki a Sudan, ba ta daɗe da sake buɗewa ba bayan yaƙin da ya tarwatsa mutane. Rabin kujerun an hura wuta da su, allon kuwa ya tsage gida biyu. Duk da haka Hindu ta ci alwashin sai 'yan ajinta sun haye jarrabawar Turanci, musamman Ramla, 'yar shekara goma sha huɗu, wadda ba a taɓa kama ta da kuskure ɗaya sau biyu ba.

Darasin makon ba shi da wuya. Kalmomi biyu ne, used to. Ta bayyana da Larabci, ta maimaita da Hausa: abin da aka saba yi a da, amma yanzu an daina, ya wuce. Ta ce kowace ta kawo misali daga gidansu. Wata ta rubuta cewa da can auduga suke nomawa. Wata ta ce da can a Sinja suke zaune.

Ramla ta rubuta: My father used to drive a bus. Wato da can mahaifinta yana tuƙa motar haya.

Hindu ta san mahaifin yarinyar sarai. Bilyamin direba, mai jigila tsakanin Suki da Sinja, mutumin da ba ya barin tsohuwa a tsaye cikin rana. Tafiya ce ta riƙe shi, kamar yadda hanya take riƙe direbobi da yawa a wannan zamani. Hindu ta soke kalmomin biyu, ta rubuta drives a samansu, ta ƙara da gargaɗi a gefe: wanda yake kan sana'arsa ba a yi masa used to.

Washegari Ramla ta kawo wata. Da can mahaifinta yana kawo musu kifi daga Rusairis. Jan biro ya sake hawa. Rana ta uku kuma: da can yana kiranta Daktora, wato likita.

A nan hankalin Hindu ya tashi. Ta ga abin da yaƙi ya yi wa yara. Akwai wadda ta daina magana sam. Akwai mai shigewa ƙarƙashin tebur da ta ji ƙarar babur. Ashe ita ma Ramla, mai kaifin kai, abin ya taɓa ta ta inda ba a gani? Ko kuwa wani ne yake cusa mata maganar banza a kunne? Ƙauye ba ya rasa masu baƙin baki.

Ta ɗauki littafin ta nufi ofishin mudir, shugaban makarantar, Ustaz Salih. Malamai biyu da ke shan shayi a ƙofa suka yi tsit da ganinta, ɗaya ta sunkuyar da kai cikin mayafinta.

Dattijon ya karanta jimlolin uku, ya karanta gyaran, ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi.

"Ki ƙyale ta, ya Ustaza," ya ce a hankali. "Ke ma kin gaji. Ki ɗauki hutun mako biyu, wallahi ba mai ganin laihinki."

"Hutun mi? Jarrabawa saura wata guda, yarinya tana lalacewa a gabana, ka ce in ƙyale ta?"

Ya miƙa mata littafin da hannu biyu, kamar mai miƙa abin da zai iya fashewa.

Ranar Alhamis ta shiga aji ba tare da ta yi kiran suna ba. Ta kira Ramla gaban allo, ta damƙa mata alli.

"Rubuta mana aikin mahaifinki. Daidai."

Yarinyar ta rubuta a nutse, da kyakkyawan rubutunta. Kalmomin biyu suna nan.

Hindu ta share da tafin hannunta. "Sake."

Ta sake. Suna nan.

Wata yarinya a layin baya ta fara shesshekar kuka, ta kusa da ita ta toshe mata baki. Hindu ta sake sharewa, da ƙarfin da ya sa tsagin allon ya yanke ta a hannu, ba ta ma ji ba. Ta jawo tsumagiyar da ke saman kabad, wadda tun da ta fara koyarwa ba ta taɓa ɗagawa a kan kowa ba.

"Mutum yana raye kina yi mai fatan tsiya? Wa ya koya miki wannan? Rubuta drives, ko in ɓata miki rai yau!"

Ustaz Salih ya iso bakin ƙofa ya tsaya, bai shigo ba.

Ramla ta ajiye allin. Hawaye na zuba, amma ba ta ja da baya ba. Ta kama hannun da ke jini ta riƙe shi gam, sannan a karo na farko ta karya dokar da aka kafa mata, ta kiran mahaifiyarta Ustaza muddin ana cikin aji.

"Inna, buge ni in kina so, amma jimlata daidai take. Shekara guda ke nan da aka ɗauki gawar Baba daga ɗakinki, kina riƙe da hannuna."