Itacen Rufe Kabarin Inna

Sallau ya sare reshen kanyar gonarsa, abin da ya jawo masa ke nan. Tun da jiragen taswira suka fara ɗaukar hoton ƙasa daga sama, kowace bishiya da lambarta, taɓa ta laifi ne. Ranar da uwarsa ta rasu muka rasa itacen rufe kabari.

Na ce, "Sallau, mu rufe da fasassun tukwane. Abin can ba ya barci."

Ya ce, "Kawu, damina ce. Ba zan bar ƙasa ta rufta wa Inna a fuska ba."

Muna binne ta jirgin ya tsaya cak a kanmu. Kafin sadakar uku sabuwar taswira ta fito, gonarsa ta koma gandun gwamnati. Yanzu ƙwadago yake yi a cikinta.