Sabulun Mahaifiyarta

Baƙuwar yarinyar ta tare ƙofar ɗakin wankan gawa na unguwar Utaibiyya, ta hana mu taɓa mahaifiyarta. Daga Italiya suka zo umara, ajali ya riski uwar. Ga azahar ta gabato, motar kai gawa Harami tana jira. Mun yi Larabci, mun yi Hausa, ba ta ji.

Na san irin wannan tsayuwar. Haka na ƙame ranar da 'yata ta rasu, har aka wanke ta ba da hannuna ba.

Can sai ta zaro wani ƙulli daga jakar uwar, ta ce, "Sapone."

Balarabiyar da muke aiki tare ta ce, "Sabun?"

Na ce, "Sabulu! Da nata kike so a wanke ta? Taho, 'yata."

Na ɗora hannuna a kan nata, muka fara daga dama.

Daga baya jagoran ayarin umararsu ya ce kalmar tun zamanin Rumawa take, mutanen Faransa da Sifen duk sun gaje ta. Ni ban yi boko ba, amma ikon Allah! Kalma ta yi ta tafiya, ƙasa bayan ƙasa, har ta iso mana kafin azahar.