Ɗalibin Da Bai Taɓa Fashi Ba

Malamar ta ƙwanƙwasa ƙofa, riƙe da kyautar ɗalibin da bai taɓa fashi ba. Tun da karatu ya koma cikin waya ba ta ƙara ganin fuskarsa ba, amma kullum ta kira sunansa sai ya rubuto, "Ina nan."

Uwarsa ce ta buɗe.

"Ina ɗan namu?"

"Malama, tun kakar zaitun ya shiga kwale-kwalen Italiya. Shiru har yau."

Da a aji ne, da kujerarsa ta tona asiri tun ranar farko.

"To wa ke amsa mini?"

"Ni ce. Har ubansa ya daina ambatonsa, ke kaɗai kika rage. Don Allah, gobe ma ki kira."