Muryar Marigayi a Tsohuwar Kwamfuta

Tun da ka ce za ka sallami tsofaffin ma'aikatanka ka zuba sababbin jini, zauna ka ji wannan tukuna.

An yi wani mai gyaran kwamfuta a bakin tsohuwar tasha. Lokacin da kwamfuta ta fara shigowa gari, babu ofis ko makarantar da ba a kira shi ya haɗa musu ba. Akan share masa tebur, manya su tsaya a kansa hannu a baya, suna kallon yadda yake jona allo da kibod da firinta kamar mai ɗorin karaya. Da zamani ya juya, kowa ya koma salula, sai aka manta da shi. Ya zauna a shago shi da buhun tsofaffin igiyoyi da 'ya'yansa suka sha cewa ya zubar.

Rannan da hantsi sai ga wata dattijuwa da akwatin kwamfutar tebur naɗe cikin zane. Ta ce na marigayi mijinta ne, malamin firamare, wanda kafin rasuwarsa ya naɗi muryarsa a ciki yana zayyana wa jikoki asalin gidansu. Ta zaga shaguna huɗu a sabuwar kasuwa, duk igiyar da suka gwada ta ƙi shiga, har wani ya ce ta miƙa wa 'yan gwangwan ta huta. Da mai gyara ya juya bayan akwatin ya ga ramukan da ake zura igiyoyi, sai ya ji kamar ya haɗu da abokin ƙuruciya a baƙon gari. Ya zazzage buhu. Ya ɗauko igiyar allo mai shuɗin kai, ya zura, ya murɗa kusoshinta biyu a hankali. Kibod ya tafi rami mai launin shuni, linzamin kwamfuta, wato maus, ya tafi kore. Wani siririn haƙorin ƙarfe a kan igiyar linzamin ya lanƙwashe, ya sa tsinin allura ya miƙe shi, yana riƙe da numfashi, don in ya karye ba shi da wani. Sannan ya jona lasifika, ya kunna.

Fankar cikin akwatin ta yi ƙugi, amma allo ya tsaya baƙi ƙirin. Dattijuwar ta fara ninke zanenta, tana cewa Allah bai nufa ba.

"Dakata, Hajiya," in ji shi. "Irin waɗannan ba a yi musu gaggawa."

Can sai allo ya yi haske. Ya laluba ya danna, aka ji wani dattijo ya yi gyaran murya, ya yi sallama. Matar ta amsa sallamar kafin ta ankara, sannan ta ja mayafi ta rufe fuska. Shi kuwa ya fita ya zauna a benci, ya bar mata shagon.

To, ka ji. Ba a banza Hausawa suka ce da tsohuwar zuma ake magani ba.